Wuƙar Bindiga ta AKM a Hannun Mai Tarawa: Wacce Za a Ajiye, Wacce Za a Bari

Ƙasar Zuru ta yi suna da aikin soja tun zamanin Turawa, shi ya sa a gidaje da dama har yanzu akwai akwatin ƙarfe na wani tsohon soja, da lambobin yabonsa da bel da hula, wani lokacin har da wuƙar bindiga a naɗe cikin tsumma. Idan mai akwatin ya je yaƙin Bama ne a runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, abin da ake yawan tararwa kayan Ingila ne: doguwar nan samfurin 1907 mai ruwan wuƙa na santimita 43, ko kuma tsinken nan na bindiga mai lamba 4 wanda ba shi da kaifi sam. Daga irin wannan gado sha'awar tarawa take farawa ga mutane da yawa a Kebbi. Amma da zarar mutum ya juya ga na zamani, wadda zai fi cin karo da ita, a hoto ko a hannun dillali, ita ce ta dangin Kalashnikov, musamman ta AKM, bindigar da ta gaji AK-47. Ita za mu duba a nan, domin babu wata wuƙar soja da ake yawan ruɗewa a kanta kamarta, kuma babu wadda ake lalatawa da sunan gyara kamarta.

Magana ɗaya tilas a fara da ita. Kowa ya san halin da ake ciki a Zamfara da kudancin Kebbi, wajejen Danko-Wasagu da Sakaba. Wuƙar soja da aka kawo maka a ɓoye, mai sayarwa ya kasa faɗin inda ta fito, ba kayan tarawa ba ce. Tana iya zama an ɗauke ta ne daga jikin jami'in tsaro da aka kashe. Kada ka saya, ko kyauta aka ba ka. Wadda ta cancanci ajiya ita ce mai asali: gadon gida da dangi suka shaida, ko wadda ta fito daga dillalin tsofaffin kayan soja da rasiti. Kafin ka yi odar ko guda ɗaya daga waje, je ka tambayi hukumar kwastan da 'yan sanda, ka samu amsa a rubuce. Kuma wurin zamanta gida, cikin akwati mai makulli. Ba a sa ta a mota, ba a zuwa da ita kasuwa ko gona.

Dangin sun kasu huɗu a lissafin Rasha. Ta farko, 6Kh2, ta AK-47 ce, mai dogon ruwa na santimita 20 da kwarmi a tsakiya. Da yake ainihin AK-47 ba a yi mata wurin maƙala wuƙa ba, sai aka yi wa wannan zobe a gaba da wani rabin zobe a gindi domin ta rungumi bututun bindigar. Ta biyu, 6Kh3, ta zo tare da AKM a 1959, kuma ita ce ta canza komai: ruwan ya gajarce zuwa kimanin santimita 15, kaifi gefe ɗaya, haƙoran zarto a baya, da rami kusa da tsini. Ta uku, 6Kh4, gyaran ta biyu ce da aka yi a shekarun 1960. Ta huɗu, 6Kh5, ta fito a shekarun 1980 domin AK-74, bindigar da ta biyo bayan AKM, da tsini irin na mashi da mariƙi mai gurbin yatsu, baƙi ko mai ruwan makuba.

Tsakanin ta biyu da ta uku ne mai tarawa zai fi daɗewa, don haka a tsaya a nan. Ka ɗauki 6Kh3 ka dubi gindin mariƙinta: kumburarre ne, zagayayye, kuma robar mariƙin ce ta lulluɓe shi har ƙarshe. Kubenta na ƙarfe ne, an sa masa rigar roba mai kauri a sama inda hannu yake kamawa. Matsalar wannan tsari ta bayyana da wuri. Soja ba ya rasa abin bugawa, turke ne ko ƙusa, kuma gindin wuƙa ne guduma mafi kusa da shi, sai robar ta tsage. Saboda haka a 6Kh4 aka yi gindin da ƙarfe zalla, mai kusurwa huɗu, aka kuma bar kuben ƙarfe aka koma na roba mai tauri da ƙaramin farantin ƙarfe a ƙarshensa. Robar nan ba irin ta bokiti ba ce. Haɗi ne na gam da zaren gilashi da ake matsewa cikin zafi, shi ya sa launinta ba ya zama ɗaya: ruwan goro ne da ɗigo-ɗigo da jirwaye, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, kuma da wuya ka samu guda biyu masu zane iri ɗaya. Akwai kuma na tsakani, inda za ka ga wuƙa mai tsohon mariƙi a cikin sabon kube. Wasu haka suka fito daga masana'anta lokacin sauyi, wasu kuma wani ne ya haɗa su daga baya, kuma lamba ce kawai take raba gardama. Idan lambar da ke jikin wuƙar ita ce a jikin kuben, tare suka yi aiki.

Ramin da ke jikin ruwan wuƙar shi ne abin da kowa yake fara tambaya. A ƙarshen kuben akwai wani ɗan ƙarfe mai kai. Idan aka zura shi cikin ramin, wuƙa da kube sun zama almakashi, gefen bayan wuƙar yana datse waya a kan farantin kuben. An yi shi ne domin waya mai ƙaya, rigar roba da mariƙin roba kuma domin kare hannu idan akwai lantarki a jikin wayar. Shawararmu ita ce kada a gwada. Robar da ta shekara hamsin ba ta da amanar da take da ita ranar da aka yi ta, don haka kusantar wayar wuta da ita ganganci ne. Ko wayar shinge ce, kowane datsi yana barin tabo mai sheƙi a bayan wuƙar da kan farantin, kuma wanda ya san kaya da wannan tabon yake fara rage kuɗi.

A matsayin wuƙa ta yanka, gaskiya 6Kh4 ba ta da daɗin aiki. Gefe ɗaya kawai aka zaftare wajen fitar da kaifinta, ɗaya gefen a miƙe yake, kuma kusurwar kaifin mai kauri ce. Haƙoran zarton gajeru ne, ba su buɗe hagu da dama ba, saboda haka suna cushewa a ɗanyen itace. Tsinin yana karyewa idan aka yi ɓanɓare da shi ko aka jefa ta a jikin bishiya. Wuƙar da maƙerin Argungu ko na Jega zai ƙera maka daga tsohon sifirin ɗin mota ta fi ta yanka nesa ba kusa ba. Wanda yake neman abin fiɗa ko na sassabe ya nufi maƙera. Darajar wannan tana cikin tarihinta da bambancin da ke tsakanin ƙasashen da suka yi ta, kuma a wannan fanni ba ta da na biyu, domin ƙasashe da yawa sun karɓi zane ɗaya kowace ta yi shi yadda ta ga dama.

Ta Rasha ita ce ma'auni. Masana'antu biyu ne suka yi ta: Izhevsk, mai tambarin kibiya a cikin alwatika, da Tula, mai tambarin tauraro. Ana samun tambarin a jikin robar, ya fito tare da ita daga ma'ajin zubi, ba kartawa aka yi daga baya ba. Kusa da shi akwai ƙananan lambobin zubi, sau da yawa kuma da ragowar hatimin tawada na masu duba inganci. Ta Tula ta fi wuyar samu, don haka ta fi tsada, don haka kuma ita aka fi yi wa tambarin ƙarya. Ta Bulgeriya tana kama da ta Rasha ƙwarai har a launi. Tambarin masana'antarsu 10 ne a cikin da'ira biyu, kuma inda ka gan shi magana ta ƙare.

Romaniya ba ta bi sauyin ba. Ta ci gaba da yin tsohon samfurin mai kumburarren gindi da kuben ƙarfe da rigar roba, ta ƙara masa maratayin fata da yake naɗe kuben. An yi su da yawan gaske, shi ya sa ita ce mafi araha a kasuwar masu tarawa, kuma ita muke ba wa mai farawa shawarar ya fara da ita. Aikinta ba shi da laushi, za ka ga sawun injin a jikin ƙarfen, launin mariƙin kuma daga ja mai duhu zuwa kusan baƙi, amma ta gaskiya ce, kuma a kanta mutum zai koyi yadda ainihin kaya yake a hannu kafin ya kashe kuɗi mai yawa. Ta Hangari ma tsohon samfurin ce, sai dai aikinta ya fi tsabta.

Ta Folan ana gane ta daga nesa: ba ta da haƙoran zarto, bayanta sumul yake. Mutane da dama suna ganin haka su ce an goge haƙoran ne ko kuma ta bogi ce, alhali haka aka yi ta a Radom, masana'antar da tambarinta 11 ne cikin da'ira mai siffar ƙwai. Ta Yugoslabiya, wadda aka yi wa bindigar M70 ta kamfanin Zastava, sabon samfuri ce mai gindin ƙarfe amma baƙa, da lamba a mariƙi da kube. Sin kuwa hanyarta daban: bindigarta samfurin 56 da tsinke take zuwa a manne, ana naɗe shi ƙarƙashin bututu, ba a cire shi, saboda haka ba ya cikin wannan lissafi. Wuƙaƙen da Sin ta yi domin sayarwa waje suna da siffar 6Kh4 amma babu zarto, babu ramin datse waya.

Wadda ta fi kowacce labari ita ce ta Jamus ta Gabas. Aikinta ya fi na kowa kyau, ƙarfen a goge, robar ta zauna daidai. Bayan haɗewar Jamus a 1990, sojan ƙasar ya gaji tarin waɗannan wuƙaƙe, kuma da aka kawo bindigar G36 ba a ƙera mata sabuwar wuƙa ba, sai aka yanke zoben tsofaffin aka sa mai faɗi. Ga inda awo yake da amfani. Zoben AKM faɗin cikinsa milimita 17.7 ne, na ƙasashen NATO kuwa 22. Idan ka ga wuƙa mai siffar AKM da zobe na 22 da alamar walda a gindin zoben, kada ka yi saurin cewa an ɓata ta. Mai yiwuwa ita ce ta G36, wadda ta yi wa rundunoni biyu da suka taɓa fuskantar juna aiki.

Ana yawan tambaya ko ba gara M9 ta Amurka ba. Ita ma tana da ramin datse waya da zarto, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tunanin daga wuƙar AKM ya samo asali. Sojan Amurka ya karɓe ta a 1986 daga kamfanin Phrobis, kamfanin Buck ya ƙera na farko, daga baya LanCay da Ontario suka ci gaba. Ruwanta kimanin santimita 18 ne, mai kauri, na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda alheri ne ga mai zaune a Yawuri ko bakin fadamar Argungu inda damina take jiƙa komai. Na farko-farko suna da kwarmi a gefe ɗaya da dutsen wasa a bayan kube. Daga baya aka daina kwarmin, kuma da wannan ake fara gane zamaninta kafin a karanta sunan kamfani a gindin ruwan. Ta fi 6Kh4 yanka, ta fi ta cika hannu. Aibinta biyu ne. Tana da nauyi, sannan ruwan bai ratsa mariƙin ba, wani sandan ƙarfe mai zare ne aka ɗaura ya riƙe su, kuma a mahaɗar nan take samun rauni. Ga mai tarawa kuma akwai aibi na uku da ya fi waɗannan: kusan duk M9 da za ka gani a shagunan intanet da araha kwaikwayo ce. Wadda ta gabace ta, M7 ta 1964 mai ruwa na santimita 17 da kube M8A1, ta fi sauƙin tantancewa domin sunan maƙerinta yana kan shingen hannu. Sojan ruwan Amurka masu kai farmaki ta tudu sun bar su duka biyun a 2003 suka koma OKC-3S, mai santimita 20, wadda ba ta da abin datse waya ko kaɗan.

A ganinmu, wanda yake son tarin da ke da alaƙa da tarihin ƙasar nan bai kamata ya tsaya a kan AKM kaɗai ba. Sojan Nijeriya ya daɗe da FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus, kuma masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta yi aikin irin waɗannan bindigogi. Wuƙar G3 a saman bututu take hawa, ba a ƙasa ba. Ta FAL samfurin C kuwa mariƙinta bututu ne da ake zurawa a bakin bindigar. Sai dai a nan ne ya kamata a fi taka-tsantsan da asali, tunda kaya ne da hukuma take da su.

Yadda ake gane ta bogi ba ya buƙatar na'ura mai tsada: ma'aunin milimita, sikelin kicin, maganaɗisu da hasken rana sun isa. Auna zoben tukuna, sannan tsawon ruwan. 6Kh4 gaba ɗayanta kimanin santimita 27 ce, kuma da kubenta ba ta kai rabin kilo ba. Sa maganaɗisu a gindin 6Kh4 da shingen hannunta. Na gaskiya ƙarfe ne, zai kama. Na kwaikwayo sau da yawa zubin wani farin ƙarfe ne mai taushi da aka shafa wa baƙin fenti, ba zai kama ba. Danna madannin da ke gindi, ka ji ko sifirin ɗinsa yana da ƙarfi kuma yana dawowa da kansa. Dubi robar a rana: launi ɗaya sumul mai sheƙi alamar sabuwar roba ce. Dubi ruwan wuƙar: idan yana walƙiya kamar madubi, ko kaifi ya fito ta gefe biyu, ko an rubuta sunan bindigar da manyan haruffan boko a jiki, to kayan kasuwa ne, soja bai taɓa riƙe ta ba. Lambar gaskiya yawanci da alƙalamin lantarki aka karce ta da hannu, a karkace, ba kyan gani. Lamba mai tsabta da ta yi daidai tamkar bugun inji a kan kaya da ake cewa ya tsufa ita ce abin zargi.

Ɓarnar da ta fi yawa a wajenmu ba ta 'yan damfara ba ce, ta masu kyakkyawar niyya ce. Mutum ya samu wuƙar kakansa ta yi duhu, sai ya kai wa mai giranda ya wasa ta, ya bi ta da sanfefa har ta yi fari. A minti biyar an cinye tambari, an cinye kwanan wata, an canza siffar kaifin, kuma babu mai iya mayar da su. A kan samfurin 1907, wata da shekarar ƙira da sunan maƙeri irin su Wilkinson suna nan ne a gindin ruwan, daidai inda sanfefa take fara ci. Baƙin da ƙarfe yake yi don tsufa ba cuta ba ne, a bar shi. Jar tsatsa mai gari ita ce take cin ƙarfe. Maganinta a ɗiga man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge da tsumman auduga. Idan ta ƙi, a bi ta a hankali da soson ƙarfe mafi laushi wanda aka jiƙa da man, ana bin tsawon ruwan, ba a gicciye ba. Idan wuƙar ta zo da daskararren man ajiya mai ruwan ƙasa, kananzir kaɗan a tsumma yana narkar da shi, amma kada ya taɓa fata ko rigar roba. Manja da man gyaɗa ba su da wuri a nan: suna yin danƙo, suna tsami, suna kama ƙura.

Yanayinmu yana kawo nasa matsalolin kashi uku. A damina, ruwa yana maƙalewa ƙarƙashin rigar robar kuben Romaniya da na 6Kh3, ƙarfen ya ruɓe daga ciki ba a gani, sai ranar da aka ga kumburi. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a tura rigar a hankali a duba, a shafa mai kaɗan, a share shi sosai kafin a mayar, domin mai yana kumbura roba. Idan rigar ta bushe ta yi tauri, a ƙyale ta, tilasta mata tsagewa za ta yi. Da hunturu fata ce take shan wahala: maratayi da igiyar hannu suna bushewa su karye a wurin lanƙwasa. Man kaɗanya ɗan mitsitsi a kan yatsa ya isa, a murza, a bar shi ya shiga. Idan ya yi yawa fatar tana yin laushi har ɗinki ya saki. Fatar da ta riga ta tsinke kada a yar da ita. Baduku zai iya ɗinka sabuwa domin nuni, amma tsohuwar a sa ta a ambulan a ajiye tare da wuƙar. Da bazara kuma, ɗaki mai rufin kwano ba silin yana gasa roba, don haka akwatin ya zauna a ƙasa-ƙasa, a kan katako ko bulo saboda gara da danshin daɓe.

Wajen ajiya mai tsawo, a zare wuƙar daga kube a kwantar da su gefe da gefe a kan ƙyallen auduga, a jefa ƙananan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa canza su idan damina ta wuce. Kowace wuƙa a yi mata kati: ƙasar da ta yi ta, samfurinta, lambar jiki da ta kube, faɗin zobe, tsawon ruwa, daga wurin wa aka same ta da kuma yaushe. Idan ta gado ce, a rubuta sunan sojan da rundunarsa yadda dattawan gida suka faɗa, a haɗa da kwafin takardar sallamarsa idan tana nan, a sa rasiti ko amsar hukuma a ambulan ɗaya da katin.